Gaisuwar Suruki a Kufai

"Ruwaida! Wannan ne gidan sarkin da kika ce?"

Gwaggo Batula ta tsaya a tsakiyar hawa tana haki, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da gefen shaddarta mai ƙyalli. A can samanmu hasumiya ce guda, rabinta ya zube, tsuntsaye na shiga ta taga suna fita ta sama, don babu rufi.

"Gwaggo, ai na ce miki tsoho ne..."

"Tsoho daban, gawa daban!"

Zuwaira, 'yarta, ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Zuwaira ce ta shirya tafiyar nan. Tun ranar da Maazou ya wuce ta a taron ɗaliban Nijar ya zo ya zauna kusa da ni, ni da ke ɓoye bayan littafi, ba ta huce ba. Ta ce wa Gwaggo mu taso daga Paris ba sanarwa, mu sauka a Lyon, mu same shi a wurin aikinsa. Ta san halin da za mu same shi a ciki.

Ni kuma na san abin da Baba ya ce daga Damagaram: "Ƙanwata Batula ce idona a can. In ta ce e, na ba shi ke. In ta ce a'a, an gama."

Gwaggo ta nuna gangaren da yatsa. "Waɗancan layukan fa? Wake ne?"

"Inabi ne, Gwaggo."

"Na ci?"



"Na giya ne, Mama," in ji Zuwaira, da sauri.

"A'uzubillahi! Kufai a sama, giya a ƙasa. Ruwaida, kin iya zaɓe."

A bakin ƙofar, wadda ba ta da ƙyaure, Gwaggo ta ƙi shiga sai da ta yi sallama sau uku da ƙarfi, wai kufai ba ya rasa masu shi. Wasu Turawa biyu masu sandunan tafiya suka juyo suka ce mata bonjour.

Ina tsoro, amma idona ya ƙi zama wuri ɗaya. Ga murhu a manne a bango can sama, inda a da akwai bene. Wa ya yi ɗumi a nan? Ga matakala da ke hawa har ta ƙare a iska. Wa ya yi saukowar ƙarshe, kuma ya san ita ce ta ƙarshe?

Sai ga shi.

Farar ƙura tun daga gira har ƙafa, hular kwano a ka, bokiti a hannu. Ya gan ni, fuskarsa ta haskaka. Ya ga Gwaggo, bokitin ya faɗi.

"Voilà injiniyan naku," Zuwaira ta ce a hankali.

Maazou bai tsaya neman wuri ba. Ya cire hula, ya kwance manyan takalman aikinsa har da safa, ya koma gefen hanya ya durƙusa, kansa a ƙasa.



Cikin ortie ya durƙusa! Ciyawar nan mai harbi kamar an watsa maka garwashi.

"Hajiya, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

Gwaggo ta samu dutse ta zauna, ta gyara zama irin na wadda ba ta sauri. Ta tambayi mahaifinsa. Ta tambayi mahaifiyarsa. Ta tambayi mutanen garinsu Tawa kaf, da damina, da sanyi, da wani Alhaji mai goro da ta sani tun tana budurwa.

"Yana nan lafiya, Hajiya."

Gumi na tsattsafo masa. Ƙafafunsa sun yi ja, sun tashi ruɗu-ruɗu. Ko motsi bai yi ba.

Ni da ban taɓa katse babba ba tunda aka haife ni, sai na ji murya ta fito daga bakina.

"Gwaggo, don Allah ki ce ya tashi! Ciyawar tana cin sa!"

"Ke! Da ke ake gaisawa?"

"A'a... amma ni nake son sa."

Har Zuwaira ta saki baki. Na so ƙasa ta tsage.

Gwaggo ta sunkuya ta taɓa ganyen da bayan hannu, ta janye da salati.

"Kai, yaron nan! Me ya hana ka magana?"

"Ba a gama gaisuwa ba, Hajiya."

Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta buɗe jaka ta jefa masa gwangwanin man kaɗanya.

"Shafa. Ka zo ka gaya mini wanda ya ci mutanen gidan nan da yaƙi."

"Ba yaƙi ba ne, Hajiya," ya ce yana ɗingishi a gabanmu. "Magada ne suka koma birni. Rufi ya fara yoyo, babu mai hawa. Daga baya mutanen ƙauye suka riƙa ɗibar duwatsun. Dubi gidajen can ƙasa, rabinsu da bangon nan aka gina su."

"To kai sake gina shi za ka yi?"

"A'a. Muna dai hana abin da ya rage faɗuwa."

"Mama, lebura ne fa kawai," Zuwaira ta ce. "Ga Affan mai neman Ruwaida, da magazin biyu, manyan shaguna, a Aubervilliers..."

"In yana burge ki, ki aure shi."

Gwaggo ta ɗora tafin hannu a bangon. Muryarta ta sauka.

"Gidan babanmu a Birni, can Damagaram, soron gaba ya zube bara. Ni ina nan ina sayar da atamfa, yayana ya koma sabon gida na siminti. Kowa na cewa wani zai je." Ta juyo. "Ka san ginin ƙasa?"

"Da shi na fara, Hajiya. Don shi na zo koyon wannan."

Gwaggo ta janye hannu daga bangon. Ta kama matakalar hasumiya, ta hau da kanta, mu muna biye, tana tsayawa a kowace 'yar taga ta leƙa. Daga sama ana ganin kogi kamar zare, da shanu farare, da ƙauyuka masu jan rufi. Ta ciro waya.

"Yaya, ina wuni... Lafiya. Na ga yaron. Ba shi da komai sai duwatsu, su ma ba nasa ba."

Na kama bango. Maazou ya rufe ido.

"A'a, ban ce ka hana ba. Cewa na yi ka karɓi mutanensa in sun zo."

Hawaye suka zubo mini. Zuwaira ta juya baya, can kuma ta miƙo mini mushuwar in share hawaye, ba tare da ta dube ni ba.

"Ma chérie," Maazou ya raɗa, "da gaske kika faɗa a gaban Hajiya?"

"Kar ka sake tuna mini. Har abada."

"Kai, suruki!" Gwaggo ta kira daga bakin matakala. "Sarakunan nan suna da kurkuku?"

"Akwai, Hajiya. A ƙarƙashin ƙasa."

"Mu je in gani. Ranar da ka sa 'yata kuka, in san inda zan ajiye ka."