Mai Buga Bututu

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda: an tsinci gawa a ramin magudana, bayan wani gidan haya mai hawa uku.

Sufeto ya ture kofin shayinsa ya kira Saje. Ya daɗe a aikin nan, ya ga abin da ya gani, amma wari ne har yau bai saba da shi ba. Tun daga bakin layi warin ya tare su.

Ramin yana bayan gida, wurin da bututun banɗakunan gidan duka suke haɗuwa kafin ruwan ya wuce waje. An janye murfinsa na kankare gefe. An riga an fito da mamacin an lulluɓe shi da buhu. Mai gyaran famfo ne, dattijo, hannunsa har yanzu a dunƙule kan doguwar wayar da yake zura wa bututu.

"Iskar ramin ce ta kashe shi, Yallaɓai," in ji Saje, hannu a hanci. "Tana sumar da ƙato."

"Wa ya gan shi?"

Wani siririn mutum mai tef a wuya ya matso. Tela ne, shi ke hawa na biyu. "Ni ne, Yallaɓai. Banɗakin Iya ta hawan ƙasa ya sake ambaliya da safe, na zo na janye murfin in duba, sai ga shi."

"Ka janye murfin? A rufe ka same shi?"

"Ruf, kuwa."

Sufeto ya durƙusa ya gwada ɗaga murfin. Sai da ya sa hannu biyu kafin ya motsa. Ya dubi Saje. "Mutum ya suma a ƙasa, sannan ya miƙo hannu ya rufe kansa? Kai ma dai, Saje."

Gefen ramin akwai tulin abin da marigayin ya ciro kafin ya mutu. Sufeto ya tona da sanda. Tishu ne mai kauri, ya jiƙe ya cure bai narke ba. Sarƙe da shi kuma ga wasu fararen ƙyallaye, irin masu laima da ake sayarwa a leda don goge jiki. Sun murɗe da juna kamar igiya. Ya ja ɗaya da ƙarfi, ko yagewa bai yi ba.

Iya, tsohuwar da ke hawan ƙasa, tana zaune a kan kujera a ƙofarta, ta naɗe ƙafafu saboda ruwan ƙazanta ya malalo har tsakar ɗaki. Duk abin da na sama suka zuba, in hanya ta toshe, a wurinta yake fitowa.

"Ni na kira shi jiya, ɗana," ta ce. "Da na sani da na haƙura da warin. Ita ce ta ɗauke shi."

"Ita wa, Iya?"

Ta waiga wajen banɗaki, ta rage murya. "Mai buga bututu."

Ta kai shi. A kusurwar banɗakin wani baƙin bututun ƙarfe ya sauko daga rufi ya shige ƙasa. An naɗe shi da tsofaffin zannuwa, an ɗaure da igiya tam.

"Tun watannin baya take bugawa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta yi shiru, ta sake. Na yi addu'a, na yi hayaƙi, ba ta bari ba. Shi ne na naɗe shi don in daina ji."

"Da dare take yi?"

"A'a. Da rana tsaka. Da yamma ɗif kake ji."

Saje ya kau da kai yana danne dariya. Sufeto bai yi dariya ba. Fatalwar da ke aiki da rana ta tashi da yamma, wannan kam bai taɓa jin irinta ba.

"Marigayin ya ji?"

"Ya ji. Ya kara kunne, ya ce, 'Iya, bari in gama da ramin, zan hau sama in gani.' Daga nan na kwanta. Da na tashi na ga ramin a rufe, na ce ya tafi ke nan."

Ɗakin tela cike yake da yadi da ƙarar keken ɗinki. Da ganinsu ya hau rantse-rantse.

"Mu ruwa muke amfani da shi, Yallaɓai. Tishu bai taɓa shiga gidan nan ba, wallahi."

Saje ya leƙa banɗaki ya fito da ƙaton naɗin tishu, mai kauri kamar tawul, da zanen furanni a jiki.

Tela ya tsayar da keken. "Na uwargida ne. Na hana, na gaji. Na ji tsoro ne a ce mu muka toshe, mu muka jawo masa."

"Ƙyallayen fa? Kuna da jariri?"

"Ina fa! Autanmu ma ya shiga sakandare. Duk gidan nan babu jariri."

"Jiya da rana kana ina?"

"A kan keken nan. In ina taka shi ko aradu ba na ji."

"Wa ke sama?"

"Mai shagon magani. Mutumin kirki, ba ruwansa da kowa. Matarsa ta tafi gidansu jinyar mahaifiyarta, ta daɗe. Shi kaɗai ne, sai rediyonsa. Ko zai fita a kunne yake barinta, wai saboda ɓarayi."

Aka aika shago aka kira mai magani. Kafin ya iso, Sufeto ya koma wurin tulin, ya ware ƙyalle ɗaya ya shimfiɗa a ƙasa. Faɗinsa ya fi na jarirai nesa ba kusa ba. A tsakiyarsa akwai tabo ruwan ƙasa-ƙasa, irin na maganin da ake shafa wa gyambo. Ya ware na biyu, na uku. Duk haka.

Mai magani ya iso cikin farar riga tas, da tabarau, ya gaishe su a natse.

"Abin tausayi," ya ce. "Allah ya jiƙansa. Ni ina shago tun safe har yamma."

"Kana sayar da irin waɗannan?"

"Kowane shago yana sayarwa, Yallaɓai. Ni dai ba na amfani da su. Me zan yi da su, ina gwauro a yanzu?" Ya yi murmushi.

"Za mu iya leƙa ɗakinka?"

"Kash, na bar makullin a shago. Kuma ai sai da takardar izinin bincike, ko?"

"Haka ne," in ji Sufeto. "Saje, samo mana bula."

Iya ce ta ba da bular wankinta. A cikin ramin bakin bututu uku ne, kowane hawa da nasa. Biyu a share suke, sai ɗan tishu. Na ukun ya cushe da ƙyallaye, suna reto daga bakinsa.

Saje ya kaɗa bula a bokiti ya zuba a masan Iya. Shuɗin ruwa ya fito ta bakin ƙasa. Ya hau ya zuba a na tela. Ya fito ta bakin hagu. Na ukun, mai ƙyallayen, ko ɗigo bai yi ba.

Sufeto ya ɗago ya dubi mai magani. "Saura naka, Malam. Kuma ba sai na zuba ba."

"Wataƙila baƙi ne. Wani lokaci ina yin baƙi..."

Bai ƙarasa ba Iya ta ƙwala salati daga ciki. "Ga ta nan! Ta fara!"

Suka shiga. Sufeto ya yanke igiyar ya warware zannuwan. Kowa ya kasa kunne. Daga can sama, ta cikin ƙarfen, sautin ya sauko, siriri, a gajiye.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Sufeto ya matsa kusa da bututun. Ya ciro makullin motarsa ya buga wa bututun sau biyu.

Shiru. Sannan bugun ya dawo, sau biyu daidai. Sai kuma ya ɓarke da sauri, ba tsayawa, kamar mai bugun yana tsoron kada a tafi.

"Wannan hannun mutum ne," in ji Sufeto. "Kuma da ransa. Saje, riƙe min shi. Mu hau."

Ba a jira takarda ba. Kafaɗa biyu Sufeto ya sa ƙofar ta ɓalle. Rediyo na ta surutu a falo, tagogi duk a rufe, labule a sauke. Warin magani da na fitsari ya cika gidan.

A ƙuryar ɗaki, jikin bangon banɗaki inda bututun ya ratsa, aka shimfiɗa katifa a ƙasa. Wata mata ce kwance a kai, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ƙafafunta a miƙe, ba sa motsi. A hannunta cokali ne, bakinsa ya lanƙwashe. Gefenta ledojin ƙyallaye ne jibge, da kwalaben maganin barci.

Ta buɗe baki, muryar ba ta fito ba sai iska.

Mai magani ya zube a bakin ƙofa, tabaransa ya faɗi.

"Matata ce. Faɗa muka yi," ya ce. "Na ture ta, ba da niyya ba, ta faɗa kan matakala. Bayanta ya taɓu. In na kai ta asibiti za a tambaye ta, za ta faɗa. Na ce zan yi jinyarta da kaina har ta warke. Ni nake wanke ta, Yallaɓai, ni nake ba ta abinci a baki. Ban taɓa barin ta cikin ƙazanta ba."

"Danginta fa?"

"Suna nesa. Na ce musu wayarta ta lalace, tana gaishe su."

"Ƙyallayen?"

"In na zuba a shara maƙwabta za su gani, su yi tambaya. Sai nake turawa a masai. A jikin ledar an rubuta suna narkewa." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ni da nake sayar da su, na yarda."

"Mai gyaran famfo?"

"Na dawo ba ta magani da rana. Yana cikin ramin, ya ɗago ya ce, 'Malam, wa ke ciwo a wurinka? Kuma wa ke buga bututu? Ina fitowa zan hau.' Ya sunkuya ya ci gaba da aiki. Ni dai na ga hannuna a kan murfin. Na ce zan dawo in buɗe, in na yi tunanin abin da zan gaya masa." Ya rufe fuska. "Na ji shi yana bugawa shi ma."

Saje ya sa masa ankwa. Wannan karon babu dariya a fuskar Saje. Aka sauko da shi ta gaban tela da matarsa, ta gaban buhun da ke bayan gida, aka tura shi mota.

Ma'aikatan asibiti suka sauko da matar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. An yi an yi ta saki cokalin, ta ƙi. Da aka zo daidai ƙofar Iya ta motsa hannu, aka tsaya. An ba ta ruwa, muryar ta ɗan dawo.

"Iya," ta ce, "ashe ba a ji a ƙasa? Kullum ina bugawa. Na ce da Iya tana ji, da ta hau."

Iya ta dubi zannuwan da ke yashe a ƙasan banɗaki, da igiyar da ta ɗaure su da hannunta. Sufeto ya buɗe baki zai rufa mata asiri, ta riga shi.

"Ana ji, 'yata," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Tun ranar farko nake ji."