Madaki da Ayarin Tukwane

A zamanin Sarki Bahago, bayan ɗaukewar ruwan sama, lokacin da hanyoyi suka bushe har jakuna suka iya bi da kaya, wani ayari ya tashi daga birninsa ya nufi ƙasar da ke hayin babban kogi. Masu riƙe da labarin wannan gida sun ce a kan ayarin nan ne maganar gadon sarauta ta ƙare tsakanin Bahago da ƙanensa Yarima.

Asalin rigimar kuwa, da tsohon sarki ya rasu, masu zaɓen sarki suka rabu. Galadima da mutanensa suka nuna Yarima, sauran suka tsaya a kan Bahago, wanda ya girme shi, amma ba uwarsu ɗaya ba. Bahago bai jira a gama shawara ba. Ya tara dakaru ya kewaye birni, ya tare rijiyoyin bayan ganuwa, har ƙishirwa ta sa wani mai tsaron ƙofa ya buɗe masa. Madaki, shugaban mayaƙan tsohon sarki, shi ya fitar da Yarima da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, tare da 'yan barori kaɗan. Galadima ya zauna ya yi wa Bahago mubaya'a. Tun daga ranar Madaki ya sa shi cikin maciya amana.

Sarkin hayin kogi ya karɓe su, amma da sharaɗi. Kada a buga tambari, kada a naɗa rawani, kada kowa ya san ko su wane ne. Fataken ƙasarsa ta ƙasar Bahago suke ratsawa, ya kuma faɗa wa Madaki a fili cewa ranar da Bahago ya tabbatar suna wurinsa, ba zai yi yaƙi saboda baƙi ba. Aka ba su gida a unguwar baƙi. Yarima ya zama dillalin dawaki, Madaki ya zama kawunsa.

Shekaru suka wuce a haka. Yunwa ba ta taɓa su ba, don ƙasa ce mai nama da kifi. Sai dai gishirin mutanen fari ne fat, mai ɗaci a ƙarshen harshe, ba irin baƙin gishirin gida ba da ake fasawa da dutse. A cikin kututturen icce suke ajiye ruwa, ya wuni da ɗumi da warin ɓawo. Ba su san tabarma ba, a kan benci suke zama, sabulunsu kuma ko an yini ana cuɗa shi ba ya kumfa. Madaki ya lura in an taru cin abinci ba a cika zancen gadon sarauta ba. Zancen randar da ke zauren fada ake yi, yadda ruwanta ke sanyaya haƙori da tsakar rana, da albasar fadama, da zumar da ake kawowa daga daji. Iya takan ce in ta mutu a nan kada a wanke ta da wannan sabulu, don ba ta son ta isa gaban Ubangiji da dauɗa. A yi dariya.

Madaki ba ya shiga irin wannan hira. Aikinsa kallon fuskoki. Ya kori barorin da ya ga sun cika abokai a gari, ya hana a yi maganar gida a bakin ƙofa, ya taɓa sauya musu gida saboda wani mai sayar da igiya ya gaishe shi da irin gaisuwar garinsu. Amma shi ma, mutumin da ke da tabon mashi a ƙirji da cinya, yakan farka da safe yana jin ƙamshin sabuwar tukunya da aka zuba wa ruwa, ya ji kunyar kansa.

Ranar da ayarin ya sauka, Madaki ya shiga kasuwa neman linzami. Can gefen masu hatsi ya hango abin da ya tsayar da shi cak: jajayen tukwane da randuna an jera su a kan ciyawa, da curin baƙin gishiri, da goran zuma, da tabarmi a naɗe. Yawu ya cika masa baki. Ya yi taku ɗaya zuwa wurin, sai ya ja baya ya laɓe a rumfar wani maƙeri.

Ya daɗe yana kallo. Mutanen gari suna wucewa ba mai tayawa. Wata mace ta lasa gishirin ta tofar. Madugun ayarin, wani dattijo mai furfura, yana zaune bai damu ba. Ba ya kiran masu saye, ba ya yabon kayansa, idonsa a kan fuskokin masu wucewa yake. Madaki ya tambayi kansa: wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko tukwane masu fashewa, ya tsallake kogi da su, ya kawo su ƙasar da ba mai girki da su? Kayan nan mutum iri ɗaya ne zai saya, wato wanda ya baro gida.

Ya koma ya tara mutanen gidan, ya ce Bahago ya aiko da tarko, duk wanda ya kusanci rumfar nan ya sayar da kan Yarima. Yarima ya sunkuyar da kai ya ce an ji.

Bayan 'yan kwanaki aka kawo abincin rana. Madaki ya kai loma ta farko baki, sai hannunsa ya tsaya. Gishirin gida ne a cikin miyar. Ya dubi Yarima ya ga yana ci idonsa a ƙasa, ya dubi barori ya ga kowa ya duƙufa. An ce sai da Madaki ya cinye abin da ke gabansa, ya siɗe kwanon. Sannan ya wanke hannu ya sa a rufe ƙofar gida.

Ya fara da mai girki, ta rantse a cikin ƙwarya ta tarar da gishirin. Ya koma kan baran da ke zuwa cefane, mutumin da ya ɗauko Iya a bayansa ranar tsallake kogi, ya sa aka ɗaure shi a turken doki. Yana cikin tambayarsa da bulala a hannu, Iya ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda.

"Kwance shi, Madaki. Ni na je."

"Ranki ya daɗe, da kanki?"

"Da ƙafafuna. Na tsufa, ban san ko zan ga wata damina ba. Na ce kafin in tafi sai harshena ya tuna inda aka haife shi."

Ta ce ta lulluɓe ta je da awarwaronta don ta yi musaya. Madugu ya ga yadda ta ƙwanƙwasa randa da yatsa tana saurare, ya gane ta, ya durƙusa a bayan kaya ya gaishe ta. Ya gaya mata Bahago yana kwance ciwon ajali, ba shi da ɗa namiji, kuma Galadima ne ya aiko shi a asirce neman Yarima. Ba wanda ya san garin da suke, shi ya sa ya ɗauko abin da ɗan gida ba zai iya wucewa ya bari ba, yana bin kasuwanni da shi. Iya ta fito da wani tsohon ludayi mai ɗinki a gindi, ta ce nata ne, a ɗakinta na fada ta baro shi, Madugu ne ya ba ta shi don ya zama shaida.

Yarima ya karɓi ludayin yana jujjuya shi. Madaki kuwa ludayin ne ya ƙara masa zargi. Ya ce wa ke da ikon shiga ɗakunan fada yau in ba mutanen Bahago ba? Galadiman da ya durƙusa wa Bahago tun jinin mutanensu bai bushe ba, yau shi ne mai neman Yarima?

Duk da haka washegari ya je ya sami Madugu a masaukin ayari, ya zauna nesa da shi, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

"Allah ya taimaki Madaki," in ji Madugu. "Na san ba ka yarda da ni ba. Riƙe ni a nan, ka aika mutuminka ya gano da idonsa."

"Wanda zan aika, Bahago zai bi sawunsa ya dawo."

"To ku zo tare da ni. Galadima ya ce zai iya riƙe masu zaɓe har faɗuwar ruwa. Bayan nan ba shi da ƙarfi."

Madaki ya dubi hannuwan dattijon yana neman kantar takobi, bai gani ba. Ya dubi idonsa yana neman ƙarya, bai gani ba. Wannan ma ya ɗauke shi shaida cewa an zaɓo ƙwararre.

Yarima ya so tafiya. Ya ce ya gaji da sayar da dawakin wasu, gara ya mutu a ƙofar gidan ubansa. Madaki ya cire takobinsa ya ajiye a gabansa, ya ce shi ya fito da shi daga birni da rai, kuma ba zai mayar da shi da hannunsa a yanka ba, in tafiyar ta zama dole to a fara sare shi da takobin nan. Yarima ya girma a hannun Madaki, bai taɓa tsallake maganarsa ba. Ya ce a bar zancen.

Madaki bai tsaya nan ba. Yana tsoron Madugu ya koma da labarin inda suke, sai ya je fada ya shaida wa sarkin hayin kogi cewa ɗan leƙen asirin Bahago ne ya shigo da sunan fatauci. Sarki ya sa aka kama Madugu da mutanensa aka tsare, dogarai suka farfasa tukwanen suna neman makamai a ciki. Ba a sami komai ba, amma ba a sake su ba. Iya ta ji ƙarar fashewar randunan daga gida, ta juya fuskarta bango, ta daina yi wa Madaki magana.

Rani ya wuce, ruwa ya faɗi, kogi ya cika ya rufe hanya. Da ya janye, fataken ƙasar suka dawo da labari. Bahago ya mutu tun tsakiyar rani. Galadima ya riƙe masu zaɓe da dabara iri iri, yana sa a duba hanyar kogi kullum, har dakaru suka fara gunaguni. Da damina ta kama ba Yarima ba Madugu, aka naɗa wani ɗan baffansu. Sabon sarki ya tuɓe Galadima saboda jan lokacin da ya yi.

An saki Madugu ya koma gida ba kaya ba jakuna. Iya ta rasu a wannan shekara, aka binne ta a hayin kogi. Yarima bai taɓa ɗaga wa Madaki murya ba, yana gaishe shi kowace safiya yadda ya saba, amma bai sake neman shawararsa a kan komai ba har suka rabu. Daga baya sabon sarki, da ya ga ba sauran abin tsoro, ya yarda Yarima ya dawo, ya ba shi wani ƙaramin gari a bakin iyaka. Madaki ya raka shi har gaɓar kogi, ya ƙi shiga jirgi. Ya ce ba shi da idon da zai dubi Galadima da shi. A can ya ƙare kwanakinsa.

Haka magabata suka riƙe labarin. Ba su kira Madaki maci amana ba, ba su kuma kira shi wawa ba, domin zargin nan nasa ne ya raya Yarima shekaru a ƙasar da ba tasa ba. Ya gane tarko ne aka ɗana, ya kasa gane mai ɗanawar. Mutumin da mulki ya taɓa cin amanarsa yakan koyi tsaron ƙofa har ya manta yadda ake buɗe ta, kuma in Allah bai rubuta wa bawa sarauta ba, da hannun mafi ƙaunarsa ake mayar da ita baya.