Kukan Tsohuwar Salansa

Ƙarfe uku na rana aka kira Sufeto. An samu mai kantin magani a mace a cikin motarsa, a bayan kantin.

Jar mota ce mai ƙofa biyu, an rage mata tsayi har ta kusa taɓa ƙasa, an sa mata faffaɗan tayoyi. Irin wadda ake ji tun ba a gan ta ba. Amma sai da Sufeto ya dafa bonet sannan ya gane injin yana aiki. Mutum fiye da goma sun kewaye ta, babu wanda ya kashe, don babu wanda ya ji.

"Maƙwabta sun ce kullum bayan azahar yakan shiga, ya rufe gilasai, ya kunna sanyi ya ɗan runtsa," in ji Saje.

Mamacin yana kishingiɗe kamar mai barci, leɓensa jawur. Sufeto ya san abin da ke barin wannan launi: hayaƙin mota.

A gida, matar mamacin ta karɓe su da jaririya a kafaɗa.

"Ni na sa ya canza salansar motar, Yallaɓai," in ji ta. "Wata huɗu ke nan da ya sayi motar. Duk lokacin da ya tayar da ita, sai yarinyar nan ta firgita har ta shiɗe. Na ce masa ko motar ko mu."

"Ya yarda?"

"Sati guda yana zaɓe, kamar mai neman aure. Wai akwai zallan bututu, akwai mai tukunya ɗaya, akwai mai biyu. Ya ce mai biyu tana rage wa mota ƙarfi, amma ita ce ba ta ƙara. Ita ya ɗauka."

"Wa ya ɗaura masa?"

"Wani tsoho mai walda. Baba Kunne suke ce masa."

A ofis, bakaniken 'yan sanda ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, Sufeto yana tsugune a gefe.

"Waldar nan kamar ɗinkin tela, Yallaɓai. Gwani ne. Amma miƙo hannunka."

A saman bututun akwai rami, faɗin ɗan yatsa. Daidai samansa, an cire robar da ke toshe wata kafa a ƙasan kujerar direba.

"Tsatsa ce?"

"A ƙarfen da bai kwana goma ba? Hudawa aka yi."

Washegari da safe suka je garejin tsohon. Baba Kunne ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa, bai miƙe ba.

"Na ɗaura masa, ya gwada, ya ji daɗi, ya tafi. Iyakar sanina ke nan, ranka ya daɗe."

"Me ya sa ake ce maka Kunne?"

"Mota ba ta wucewa ta titin nan ban faɗi irin salansarta ba."

"Ina tsohuwar da ka cire?"

"Na ba masu gwangwan."

Sufeto ya leƙa ɗan ɗakin da ake ajiye kayan aiki. Komai baƙi ne da mai, ban da abu ɗaya: dogon bututu a rataye a bango, an goge shi tas. A ƙarƙashinsa akwai kwanon abinci mai murfi, a lotse.

Mai facin tayar da ke maƙwabtaka da garejin ya rage murya kafin ya yi magana.

"Kwanon matarsa ne. Bara, tana tsallako titi da abincinsa, wata mota ta kwashe ta, ba ta tsaya ba. Shi yana ƙarƙashin wata motar, bai ga komai ba. Ji kawai ya yi. Tun daga ranar, da mota mai ƙara ta wuce sai ya ajiye aiki ya kasa kunne."

Sufeto ya sa aka ɗauko bututun, aka mayar da shi jikin jar motar a harabar ofis. Aka zaunar da tsohon a kan benci, ya ba motar baya.

"Tayar," in ji Sufeto.

Motar ta yi ruri har tagogi suka girgiza. Da Saje ya ɗaga ƙafa daga totur, sai wani siririn fito ya biyo baya, kamar numfashin mai ciwon ƙirji.

Baba Kunne ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

"Ita ce," ya ce. "Wannan fiton. Wata goma sha ɗaya ina kwana da shi, ina tashi da shi. Sai ga ta da kanta a ƙofar garejina, mai ita yana dariya, wai yana son wadda ba ta ƙara. Na ce a raina so yake ya binne muryar. Ya ce mini a ciki yake barcin rana. Na huda bututun. Na cire robar."

"Ka tambaye shi yaushe ya sayi motar?"

Tsohon ya sauke hannuwansa daga kunnuwansa.

Sufeto ya ajiye takardun motar a kan bencin, ya ɗora yatsa a kan kwanan wata.

"Wata huɗu. Shi ne na uku da ya mallake ta tun bara. Saboda 'yarsa ta samu barci ya zo wurinka."

Baba Kunne ya daɗe yana kallon takardar. Da Saje ya sa masa ankwa, bai ja ba. Sun kusa ƙofar sel sai ya tsaya.

"Ɗana, don Allah ka ce su kashe ta."

Saje ya waiwaya. Makullin motar yana hannun Sufeto.

"An kashe tun ɗazu, Baba."

Tsohon ya karkata kai, kamar yadda yake yi a bakin titi.

"A'a," ya ce. "Ina jin ta."