Tsohuwar Motar Baba Soja

"Duk mai son yanka motar nan, ya fara da ni."

Badi'a ce ta faɗa, tana tsaye a gaban tsohuwar motar sojan da ke bayan gidansu a Getso. 'Yan gwangwan sun riga sun sauke tukunyar gas ɗinsu. Mahbub, ɗan abokin kawunta wanda ya kawo su, yana jingine da farar motarsa.

"Haba gimbiya, ƙarfe ne fa kawai. In mun yi aure zan saya miki mai sanyi."

Ko kallo bai ishe ta ba.

Motar ta kakanta ce, Baba Soja. Irinta ya tuƙa a yaƙin Bama na zamanin Turawa, da ya dawo ya sayi wannan a gwanjon soja. Ita ta yi jigilar gyaɗa zuwa Gwarzo, ita ta kai amaren Getso da Madadi ɗakunansu. Tun rasuwarsa ba ta ƙara motsi ba. Kaji suka mai da kujerarta wurin ƙwai, Badi'a kuwa a bayanta ta yi wasan ƙuruciya.

Mudassir ya fito daga ƙarƙashinta, baƙin mai har gwiwar hannu. Bakanike ne daga Kabo. Ranar da ya aiko neman auren Badi'a, Kawu Jibirin dariya ya yi, ya ce sai ranar da wannan gawar ta tashi zai ba bakanike 'yar ƙaninsa. Gatse ya yi. Mudassir ya ɗauke shi alkawari, tun lokacin kaka yake zuwa da akwatin sifanoninsa.

"Masoyiya..." ya ce a hankali. "Na yi iya yina."

"Kada ka ce min haka."

"Na wanke kafireto, na sa sabbin filogi, na samo tayoyi. Rota ce babu, ɗan abin nan da ke raba wa filogi wuta. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa kaf, ba mai irinta."

Kawu Jibirin ya gyara babbar rigarsa.

"To ka ji da bakinka. Malamai, ku kunna wutarku."

"Jibirin."

Inna Sabuwa ce, kakar Badi'a, ta dogaro sandarta daga cikin gida. Rabonta da zuwa bayan gidan nan har an manta. A hammatarta akwai 'yar tsohuwar kwalla.

"Inna, ki koma ciki, akwai rana."

"Ranar ta san ni kafin ta san ka."

Ta buɗe kwallar, ta warware wani tsumma. Wani ɗan baƙin abu ne, bai kai ƙwan kaza ba, da jan ƙarfe a bakinsa. Mudassir ya durƙusa bai sani ba.

"Haka suke yi a wurin yaƙi," ta ce. "In an ajiye mota sai a cire wannan, don kada abokan gaba su tashe ta. Da kakanki ya dawo gida bai daina ba. Kullum da yamma zai sa min a hannu ya ce, ajiye min sai da safe."

Ta juya abin a tafin hannunta.

"Wata safiya bai karɓa ba."

Badi'a ta matso kusa da ita.

"Inna... kin san ita muke nema, kika yi shiru?"

"Ke ya ba ajiya?" Ta juya ga Mudassir. "Kai kuma mai baƙin hannu, jira nake in ga ranar da za ka gaji. Ka ƙi gajiya. Ungo."

Hannu biyu ya sa ya karɓa. Ya ɗaura rotar, ya zura ƙarfen da ake wana inji da shi a hancin motar, ya yi bisimilla ya wana.

Shiru.

Mahbub ya yi dariya.

Ya sake wanawa. Motar ta yi tari kamar tsohon da aka tasa daga barci, ta sake yi, sai ta kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafar Badi'a.

Inna Sabuwa ta rufe ido tana saurare.

"Muryarta ba ta canja ba."

Kawu Jibirin ya daɗe yana kallon motar da ta kai shi makarantar Gwarzo yana yaro. Ya dafa ƙofarta.

"Ni na faɗa, kuma a gaban mutane na faɗa. Ka turo manyanka."

Kafin hayaƙin ya washe, farar motar Mahbub ta bar wurin.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Ranar kai amarya mata suka yi ca, wai ango ba ya ɗaukar amaryarsa da kansa.

"Nawa ya ɗauke ni," in ji Inna Sabuwa. "Wa kuke da shi da zai iya tuƙa ta?"

Sitiyarin a dama yake, irin na kafin canjin hannu. Inna ta zauna a gefen taga, inda ta zauna tana amarya, Badi'a a tsakiya cikin lulluɓi. Duk canjin giya sai Mudassir ya taka kuloci sau biyu, motar ta yi gurnani kafin ta yarda. 'Yan acaɓa suna wuce su suna ɗaga hannu. A Gwarzo tsofaffi suka miƙe daga kan tabarmi, wani yana kiran sunan Baba Soja.

Inna tana kallon hanya har Kabo. Hannunta dai yana kan ƙofar.

Rana ta yi sanyi sa'ad da suka isa. Mudassir ya kashe mota, ya buɗe gabanta, ya dawo inda Badi'a take. Ya sa mata rotar a tafin hannu, da ɗuminta.

"Amaryata, ajiye min sai da safe."

Ta damƙe ta. Ta dubi Inna, sannan ta dube shi ta ƙarƙashin mayafi.

"Da sharaɗi."

"Faɗi."

"Kullum ka zo ka karɓa."