Murfin Mai na Jar Motar Baba Leon

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, gidan Baba Leon Gorski ya cika da ƙamshin albasa da kabeji. 'Yarsa Renata na gaban murhu tana juya pierogi, 'yan ƙullin fulawa masu kabeji a ciki, a kasko, amma kunnenta na bakin ƙofa.

"Ga shi nan ya iso!" in ji ni.

Ta saki cokali ta kwasa a guje, ta buɗe ƙofa — babu kowa sai iska. Ta dawo ta zabga min tawul a ƙeya.

"Ziggy, Allah ya shirye ka! Sau uku ke nan yau!"

Ni ne Ziggy, ɗan ƙanen Baba Leon. Makaranta ta gaji da ni tun kafin in gaji da ita, amma duk garin Toledo babu wanda ya fi ni sanin labarin gidan nan, don a teburinsu nake cin abinci ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba.

Wanda Renata ke jira shi ne Emmett Doyle, makaniken tsofaffin motoci, mutum mara yawan magana. Shekara biyu suna tare, yau kuma zai nemi aurenta a wurin mahaifinta.

A bayan gidan akwai gareji, a cikinsa akwai jar mota Corvette ƙirar 1967 mai kujera biyu. Baba Leon ya saye ta sabuwa da guminsa na masana'antar gilashi. Tayarta ba ta taɓa taka gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ba. Duk man injin da ya canza, ya rubuta rana da yawan tafiya a wani ɗan littafi. Fentinta ya koɗe, ya koma kalar busasshen tumatir. A kan murfin mai kuwa akwai wani ɗan ƙarzo, tsawon ɗan yatsa. Ranar aurensu ne marigayiya Mama Irena, da rigar amarya a jikinta, ta rantse ita za ta buɗe murfin a gidan mai, zobenta ya ƙarje shi. Shekara shida da rasuwarta, kullum da safe sai tsohon ya je ya shafa wurin da yatsa.

To, bara ɓarin jikinsa ya shanye, hawa bene ya zame masa azaba. Babban ɗansa Victor ya matsa a sayar da motar a sayi gida mara bene. Baba Leon ya yarda da baki, ba da zuciya ba.

Emmett ya iso da fure a hannu, ya sa taye kamar mai zuwa kotu. An ci rabin abinci kafin ya iya buɗe baki.

"Baba Leon… ina son Renata. Na zo neman izininka."

Tsohon ya fara murmushi ke nan, sai Victor ya ajiye kofinsa.

"Dakata, Baba. Mai son shiga gida sai ya nuna na gida ne. Emmett, ga motar can. Ka fesa mata sabon fenti, ka canza kujerun nan da suka tsattsage. Mitar tafiyar kuma ka ɗan mayar da ita baya. Sai mu sayar da tsada."

"A'a, Victor, kada a taɓa ta!" Emmett ya ce. "Masu sayen irin wannan ba ƙyalli suke nema ba. Fentin kamfani suke nema, da kujerun da ta fito da su, da lambar inji da ta dace da ta jikin mota, da takardunta. Har alamun allin da ma'aikata suka yi a ƙarƙashinta suna dubawa. Wanki kawai take buƙata, shi ma a hankali. Fentin nan idan aka kankare shi, ba ya dawowa."

"Mitar fa?"

"Wannan zamba ce. Ba na yi."

Victor ya yi wata dariya. "Ka ji ko, Baba? So yake ta zauna a koɗe, a ce ba ta da daraja, abokansa su saye ta a banza su raba riba! Ka taɓa lura? In ya zo gidan nan, gareji yake fara leƙawa kafin ya gaida Renata. Mota ya zo aure!"

"Yaya!" Renata ta miƙe. "Ka ji tsoron Allah!"

Abin haushin, gaskiya ne Emmett kan fara leƙa garejin — amma don ya duba iskar taya ne, tunda tsohon ba ya iya sunkuyawa. Baba Leon dai ciwo ya sa masa zargi. Ya nuna wa Emmett ƙofa.

"Tashi ka tafi. Kada ka ƙara zuwa, kada ka ƙara bugo waya gidana."

Renata ta bi Emmett har bakin titi tana kuka.

"Zo mu je ofishin ɗaurin aure gobe," in ji Emmett. "Ke ba yarinya ba ce, babu mai hana mu."

"Na sani. Amma wa zai ɗaura wa Baba igiyar takalmi? Kuma na yi wa Mama alkawari, da hannun Baba zan shiga coci. In ba haka ba, ban yi aure ba."

"Sai yaushe ke nan?"

"Ban sani ba, Emmett."

"To. Zan jira. Amma ba zan iya zama gari ɗaya da ke ina wuce ƙofarku kamar baƙo ba."

Kafin wata ya ƙare ya karɓi aiki a Tucson, can Arizona, tafiyar kwana uku a mota.

Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe gari. Renata tana zuwa aikinta na kantin magani, ta dawo ta dafa wa mahaifinta abinci, ta yi masa aski, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Sai dai hanyarta ta dawowa ta ƙara tsawo, don kullum sai ta bi ta gaban garejin da Emmett ya yi aiki, ta rage gudu, ta kalli wani ƙato tsaye a inda yake tsayawa. Wata rana na shiga kicin na ga kwalbar sabulun makanikai a bakin famfo, irin mai ƙamshin lemo da ɗan tsakuwa-tsakuwa.

"Ke kuma injin wa kika kwance?" na tambaye ta.

Ta kai tafin hannunta hanci. "Haka hannunsa yake ƙamshi."

Ni da ba a raba ni da tsiya, ranar sai na juya na fita. Na daina yi mata wasan "ga shi nan ya iso", don na lura ko ban faɗa ba tana leƙa taga.

A watan Fabrairu Victor ya samo wani mai fenti a bayan gari. Ya ce wa tsohon, "Baba, za ta dawo kamar ranar aurenku!" Wannan maganar ce ta ci Baba Leon. Ana gobe za a zo ɗaukar motar, Renata ta ja ni gefe.

"Ziggy, kana cika baki babu abin da ba ka iya kwancewa."

"Ba cika baki ba ne. Na taɓa kwance ƙofar ofishin shugaban makarantarmu yana ciki bai sani ba."

"Ciro min murfin man."

Minti ɗaya ban cika ba. Washegari Victor ya birkita gareji yana zage-zage. Na taya shi nema da gaske, har ƙarƙashin kwandon shara na leƙa, na ce masa ɓerayen unguwar nan har sukundireba gare su. Ya gaji ya yi odar sabo.

Renata ta naɗe murfin a ɗankwalin mahaifiyarta, ta aika Tucson, ko kalma ɗaya ba ta rubuta ba. Bayan kwana goma kati daga Emmett ya zo ta adireshina, layi biyu kacal: "Yana kan tagata. Kullum da safe ina shafa wurin a madadin Baba." Ta karanta shi a motata sau da yawa har ban san adadi ba, hawaye na ɗiga a kan tawadar.

A watan Afrilu aka dawo da Corvette. Kai! Ja kamar an zuba mata jini, kana ganin haƙoranka a jikin ƙofa. Sababbin kujeru, ƙarƙashinta baƙi wuluk. Victor sai kumbura yake, don a ranar ya gayyato Madam Pruitt, wadda masu gwanjon tsofaffin motoci ke turowa ta ƙiyasta daraja.

Baba Leon ya fito yana dogara sanda. Bai kalli ƙyallin ba. Ya zagaya baya, ya ɗora yatsa a kan murfin mai, ya shafa. Ya sake shafawa. Sumul. Ya tsaya haka nan.

Madam Pruitt, 'yar tsohuwa mai farin gashi, ta shimfiɗa kwali ta shige ƙarƙashin motar da tocila. Muryarta kawai muke ji.

"Wa ya shafe alamun allin?"

Victor ya kau da kai.

Ta fito tana kaɗe gwiwa. "Lambar inji daidai take. Takardu sun cika, madalla. Ina kujerunta na asali?"

"Ai… sun tsattsage, na zubar," in ji Victor.

"Ka zubar." Ta cire tabarau. Ta karɓi ɗan littafin Baba Leon, ta duba shafin ƙarshe, ta leƙa mita. "Malam Gorski, littafinka ya ce mil dubu sittin da ɗaya. Mitar ta ce dubu talatin da takwas. Motarka da baya take tafiya?"

Na so in yi dariya, na ga fuskar Victor, na haɗiye.

"Ba zan sa hannu a kan wannan ba sai an gyara mitar, kuma an rubuta cewa an taɓa ta," ta ce. "Mai sabon fenti irin wannan, ana kawo mana goma a wata. Wadda ta shekara kusan arba'in a hannun mutum ɗaya da fentin kamfani, sai in yi shekara biyu ban gani ba. Kun kankare kusan rabin darajarta. Babu wanda ya gargaɗe ku?"

Baba Leon ya ɗago a hankali. "An gargaɗe mu. A kan teburina. Na kore shi."

Ya juya wurin 'yarsa. "Renata… wata shida kina ɗaura min takalmi, ba ki taɓa ce min na zalunce ki ba."

"Ai ka sani, Baba. Jira nake ka faɗa da kanka."

"Buga min lambarsa."

Ba ta duba littafin waya ba, yatsunta sun haddace. Tsohon ya riƙe wayar da hannunsa mai lafiya.

"Emmett? Leon ne. Na yi kuskure, ɗana. Motar ta riga ta lalace, babu abin da za ka samu a cikinta. Yarinyar kawai ta rage. Har yanzu kana so?"

Muna jin muryarsa daga inda muke: "Ita na zo nema tun farko, Baba! Kuma akwai ajiyarka a wurina."

Rana ta uku da hantsi, ina zaune a baranda na hango wata farar akori-kura ta shanyo kwana.

"Ga shi nan ya iso!" na ƙwala.

"Ziggy, kada ka soma!" ta amsa daga kicin.

"Na rantse da kabarin kakata!"

"Ka rantse da shi bara ma!"

Sai da ta ji an rufe ƙofar mota sannan ta fito, hannu duk fulawa. Ita da Emmett suka tsaya suna kallon juna. Can ta kamo hannunsa ta kai hanci, ta fashe da kuka.

A gareji Emmett ya warware ɗankwalin. Ya cire sabon murfin, ya ɗaura tsohon. Ga mota tana walƙiya, ga wata 'yar da'ira koɗaɗɗiya a bayanta. Baba Leon ya miƙa yatsa, ya samu ƙarzon, ya rufe ido.

"Irena," ya ce.

Victor ya matso kamar wanda ruwa ya daka. "Emmett, na yi maka ƙazafi. Ka yafe min."

"Ya wuce, Yaya. Kamo min wancan sukundireban."

Ba a sayar da motar ba. Ɗakin cin abinci na ƙasa muka mayar wa Baba Leon ɗakin kwana, ni da Emmett da Victor — aikin da ya fi wuya, na nuna musu inda za su buga ƙusa, ni na yi shi. A watan Yuni tsohon ya shiga coci, sanda a hannun dama, Renata a hagu. Da aka fito, ango da amarya suka shiga Corvette, suka tsaya a gidan mai, amarya ta ce babu mai buɗe murfin sai ita.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan daga bakin Ziggy. Victor ya ga tabo ya ɗauka aibi ne, ya kankare shi, ashe darajar ya kankare. Emmett ya yarda ya rasa wadda yake so a kan ya yi ƙarya, Renata ta yarda ta sha kewa a kan ta juya wa mahaifinta baya, kuma su biyun babu wanda ya yi asara. Idan aka kawo muku mai neman aure, kada ku tsaya kallon ƙyallinsa. Ku duba abin da ya ƙi yi lokacin da aka matsa masa.