Masu Gida a Tankin Kalgo

Da aka gama aikin titi a wajen Kalgo, kamfanin ya kwashe kayansa ya bar wani ƙaton tankin baƙin mai a bakin daji. Dagwalon mai ya daskare a gindinsa kamar kwalta. Ran da aka so amfani da tankin, sai aka ɗauko Sambo, mutumin Gwandu, wanda ya koyo wankin tanki a kudu.

Sambo yana da wani ruwa a jarka, na ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu fitar da kumfar da ke narkar da mai. A kan tsarma shi da ruwan ɗumi. Yammacin nan kuwa ruwan ya wuce ɗumi, sai tururi yake.

Kawunsa Usman, mai riƙe masa igiya, ya dubi rana ta yi ja. "Ɗana, ba a zuba ruwan zafi a kango da almuru. In ka matsa, yi sallama, masu wuri su janye ɗiyansu."

"Kawu, wa zai zauna cikin wanga wari?"

Sambo ya yi dariya, ya juye duron ruwan zafin cikin tankin. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka da shebur da tocila.

Ciki duhu, ga warin mai har maƙogwaro. Kumfa na ta tsuwa. Dagwalo ya fara saki.

Sai ya ji kuka.

Kukan jariri ne, daga ƙarƙashin kumfar.

Ya haska bango. Sawun ƙananan tafukan hannu, ɗanye, yana hawa sama.

Tocila ta mutu.

Wata murya ta mace ta raɗa masa a kunne, "Wa ya ƙona mini ɗa?"

Hannu mai zafi ya cafke idon sawunsa. Ya ƙwala ihu. Usman ya ja igiya yana salati. "Ku yi haƙuri, bai sani ba!"

"Ya sani," in ji muryar. "An faɗa mishi."

Takalminsa na roba ya zame, Sambo ya fito da fatar ƙafa guda a saɓule.

Bai sake shiga tanki ba. Ƙunar ta warke, har ya ɗauka an yafe. Da damina matarsa Hadiza ta haihu. Ta ɗebo ruwan randa mai sanyi a kwano, ta matso da jaririn za ta wanke masa fuska.

Ruwan ya fara tururi.