Kukan Keken Yaya

Da hantsi wata budurwa ta turo keke cikin rumfarsa ta gyaran kekuna, tsohon keken maza ruwan toka, ta ce birki kawai take so a ɗaure mata. Mai gyaran ya ɗago kai daga tayar da yake wa faci, ya ga idanun wadda ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba. Nan take zuciyarsa ta tafi, shi da ko murmushi rowarsa yake wa kwastoma.

Da ya juya feda sai keken ya saki wani kuka, ƙiiit, ƙiiit, kamar ƙofar ɗakin da aka daina shiga. Ta runtse ido.

"Na yayana ne," ta ce. "Bara ya rasu."

Daga birki aka koma faci, daga faci ta koma leƙo rumfar babu dalili. Ya sa mata suna Fitila, ita kuma ta laƙaba masa Mai Giris. Da yamma saƙonta kan shigo: "Mai Giris, na iso gida lafiya. Ka wanke hannun nan kafin ka taɓa waya." Shi kuma ya mayar: "Fitilata, hannu zai wanku, tunaninki ne ya ƙi fita."

Rawar kan soyayya ce ta ja masa. Ranar da ta bar masa keken ta wuce wurin aiki, ya ce bari ya burge ta. Ya kwance feda, ya zaro sandar tsakiya. Murfin ɓangaren kaca hagu ake juya shi kafin ya ɗauru, amma wani ya tura shi a karkace da ƙarfin tsiya har ya cinye zaren ramin, wato haƙoran da murfin ke bi ya ɗauru. Ya gyara zaren a hankali, ya zuba sabon boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan, da giris, ya sa sabon murfi. Keken ya yi tsit.

Da ta dawo ɗauka, tana takawa fuskarta ta canza.

"Me ka yi masa?"

"Ƙarar nan na kashe miki."

"Wayyo Allah. Kullum da la'asar Mama na bakin taga tana jiran kukan nan. In ta jiyo shi a lungu sai ta ce, ga shi nan ya dawo. Don haka nake hawansa."

Washegari saƙo ya shigo: "Mama ta ƙi cin abinci. Ta ce wanda ya rufe bakin ɗanta ba zai taka mata gida ba. Kawu har ya fara zancen haɗa ni da ɗansa mai mota. Ka yafe ni."

Aiki ya gagare shi. Duk keken da ya juya, kukan nan yake ji a kunnensa, tsoron rasa ta kuwa ya hana shi sakat. Ƙarshe ya ɗauki tsohon murfin da sifana ya nufi gidan, ya tarar da tsohuwar a bakin tagarta, ya durƙusa.

"Mama, na yi laifi, ban tambaya ba. In kin ce in mayar, yanzu zan mayar, kukan zai dawo. Sai dai ramin ba zai jure ba, keken zai mutu gaba ɗaya."

Ta karɓi ƙarfen tana jujjuyawa. Gefensa duk tabon guduma ne.

"Wa ya yi masa wannan dukan?"

"Wanda ya ɗaura shi, Mama."

Ta daɗe tana shafa tabon da yatsa.

"Shi ne, ɗana. Ko murfin kwalba sai ya yi kokawa da shi. Na ce ya kai wa masu gyara, ya ce ai ya iya."

Ta yi wata 'yar dariya, sai kuka ya ƙwace mata, kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza. Fitila ta fito daga ɗaki ta rungume ta. Da kukan ya lafa, Mama ta ƙulle murfin a bakin zaninta.

"Wannan nawa ne. Keken ka bar shi yadda ka yi. Ɗana ba zai ƙara biyo lungun nan ba, na sani." Ta share ido ta dube shi. "Kai kuma tashi, ka turo mini manyanka."

Ranar ɗaurin aure, Mama ta dafa kawunansu su biyu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ku riƙa leƙo ni da la'asar, 'ya'yana."